Babi na Shida: Tsohon Doki Sai Mai Shi

Kwana huɗu kyanwar ba ta sa komai a bakinta ba ranar da na iso gidan. Tana kwance a ƙarƙashin keken ɗinki, a kan ragowar yankakkun yadi, gashinta ya cukurkuɗe saboda ta daina lasar jikinta. In ka shafa bayanta sai ka ƙirga ƙasusuwan gadon bayan ɗaya bayan ɗaya, kamar carbi. Bakinta yana wani irin wari mai kama da na fitsari. Can sai ta yunƙura, ta ja jiki zuwa bakin kwanon ruwa, ta tsaya ta zuba wa ruwan ido, ta sunkuyar da kai kamar za ta sha, ta fasa.

Mai gidan tsohon tela ne, mutumin Damagaram, ya haura shekara ashirin a Sabha, a unguwar Gurda. Iyalinsa suna gida, sai aike. Kyanwar ta shigo shagonsa tana 'yar jaririya shekara goma sha huɗu da suka wuce, ba wanda ya kira ta, kuma ba ta sake fita ba. 'Yar gida yake ce mata. Ya gwada madara, ya gwada kifin gwangwani, wanda a Libiya ba a rasa shi a kowane kanti, ya gwada romon kaza. Na same shi yana daka ƙwayar Panadol da gindin cokali.

"Baba, kada ka ba ta wannan," na ce masa.

"Rabi ne kawai, ɗana. Ko jikin ya sake ta."

Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa farasitamol yadda tamu take yi. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya kashe ta, kuma mummunan kisa: jini ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya rine ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura. Ya ajiye cokalin. Na ce ko mu nemi likitan dabbobi. Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce, "A yi mata me? Wanda ya ba ta ran, shi zai karɓi abinsa."

Na sha jin wannan magana, a Kano, a Maraɗi, a gidanmu ma. Kuma ba na musunta. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da ragonsa ne ya kwanta haka, Baba ba zai faɗe ta ba. Tun daren farko zai aika a kira mahauci. Duk Bahaushen da ya taɓa kiwo ya san wannan gudun: akuya ta ci leda ko ta ci rogo mai ɗaci, ciki ya kumbura, sai ka ji ana "a kawo wuƙa, a kawo wuƙa, kada ta yi mushe!" Ba wanda ke tsayawa ya ce a jira Mai rai ya karɓi abinsa. Ana duban idon dabbar, ana duban numfashinta, a yanke hukunci cikin minti biyar, kuma yawanci ba a kuskure. Wato mun iya gane dabbar da ta zo ƙarshe. Gwanaye ne mu a wannan. Sai dai gwanintar tana aiki ne a kan wadda ake ci. Saniya da rago da raƙumi suna samun gajeriyar mutuwa albarkacin namansu. Jaki da kare da kyanwa, waɗanda ba a ƙaruwa da gawarsu, su ake bar wa doguwa.

Ƙasar Fazzan ta fi ko'ina sanin wannan hukunci na gaggawa. Sabha tana fiye da kilomita 700 kudu da Tarabulus ta hanyar mota, kuma ita ce babban birnin yankin a yau, amma a zamanin ayari Murzuk ce zangon da ake ji. Ta nan fatake ke gangarawa su bi ta Gatrun da Tummo da Bilma su shiga Barno, wasu kayan su ƙare a kasuwar Kurmi. Ta nan Turawa matafiya Denham da Clapperton da Oudney suka tashi a ƙarshen 1822, har Clapperton ya shiga Kano a Janairun 1824. Ta nan Barth ya koma a 1855 tare da Dorugu da Abbega. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, ya bi ta a 1906. Tsakanin rijiya da rijiya tafiyar kwanaki ce, ruwan salka a ƙidaye yake, ayari ba ya tsayawa don raƙumi ɗaya. In raƙumi ya durƙusa aka yi, aka yi ya ƙi tashi, sai a sauke kayansa a rarraba wa 'yan'uwansa, a soke shi a gindin wuya yadda ake yi wa raƙumi, a yanyanka naman a shanya. Madugu ba ya neman fatawa a kan wannan. Barin dabbar a baya da ranta, ƙarƙashin wannan rana, shi ne abin da kowa ya san zalunci ne. Abin takaici, wannan hanyar ba ta yi wa bayi ko rabin wannan adalci ba. Denham ya ba da labarin ƙasusuwan mutane zube a kewayen rijiyar Meshru. Amma wannan wani babin ne.

Har yau ana koro raƙuma daga Nijar da Chadi da Sudan zuwa kasuwannin Libiya don nama, kuma dillalin raƙuma a Sabha zai gaya maka daga tafiyar dabba ko za ta kai mako. Iliminsa bai taɓa ƙetarawa zuwa ƙarƙashin keken ɗinkin Baba ba.

Na ce masa to mu tambayi malam. Ya yarda da wannan da sauri, ina jin don ya tabbata malam zai goyi bayansa. Bayan la'asar muka sami wani dattijo da ke jan sallar 'yan ƙasarmu a unguwar, wanda ya yi karatun zaure a Zariya kafin neman abinci ya kawo shi nan. Baba ya yi ta kewaye-kewaye, kunya ta hana shi cewa kyanwa ce. Da ya faɗa, malamin bai yi dariya ba.

"Alhaji, ai mas'alar tana cikin Muhtasar," ya ce. "A babin yanka."

Haka ne kuwa. Muhtasar na Shaihu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14, shi ne littafin da almajirin fiƙihu ke kammala karatunsa da shi daga Sakkwato har Tarabulus, domin mu da mutanen Libiya mazhabarmu ɗaya, ta Imamu Malik. A cikinsa an halatta kawo ƙarshen ran dabbar da ba a cin namanta, muddin an fid da rai da ita. Masu sharhi, irin su Shaihu Dardir wanda ya rasu a 1786, sun kawo misali da jaki da alfadari, har suka ce abin so ne ma a yi hakan don a hutar da ita. Sun kuma bayyana abin da ake nufi da fid da rai: ko dai ciwo ko makanta su gama da ita, ko kuma ta maƙale a wani daji da babu abincinta, ba a kuma sa ran wani zai zo ya ɗauke ta. In ka karanta wannan sharaɗi na biyu kana zaune a Fazzan, sai ka ga kamar hanyar Tummo aka siffanta. Malamin bai ɓoye mana saɓani ba. Ya ce Shafi'awa ba su yarda ba, a wurinsu ba a yanka abin da ba a ci ko da don hutarwa ne, kuma wanda ya riƙi wannan bai yi laifi ba in zai tsaya ya yi jinyar dabbar har ƙarshe.

"In zai tsaya," ya maimaita, yana duban Baba. "Ba ya kore ta bayan gari ya ce ya bar wa Allah ba."

A nan ne nake ganin muna yaudarar kanmu. Kowa ya taɓa ganin tsohon jaki a bakin bola, bayansa duk gyambo inda mangala ta ci shekara da shekaru, ƙuda sun baibaye shi, ƙafa ɗaya a ɗage. Jakin nan ya yi dakon ruwa, ya yi dakon yashi da taki, ya aurar da 'ya'yan wani. Ranar da ya kasa, sai aka kwance igiyarsa aka kaɗa shi. Mai shi zai ce maka hannunsa bai taɓa jininsa ba, kuma gaskiya ne. Amma ya zaɓar masa mutuwa duk da haka, ya zaɓi ta mako uku da ƙishirwa da jifan yara maimakon ta minti ɗaya. Tun muna makarantar allo muke jin labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema ba. Muna ɗaukar darasin a kan tsarewa, mu ce to mu ai mun sake. Sakin dabbar da ba ta iya tafiya ba saki ba ne.

Hausawa sun ce tsohon doki sai mai shi. Ana faɗin ta ne da nufin mai abu shi kaɗai ke ganin darajar abinsa in ya tsufa. Ni ina jin wani nauyi a cikinta ban da wannan: in ba mai shi ba, ba wanda zai tsaya a kansa ranar da ya faɗi.

Fatawa ta buɗe ƙofa, amma ba ta amsa tambayar Baba ba, domin duk maganar ta rataya a kan fid da rai, kuma wa ke da ikon cewa an kai nan? Mai dabba shi ne mafi sanin ta, kuma shi ne mafi munin alƙali a kanta. Wani zai fid da rai da wuri saboda ya gaji da wanke kashi ko kuɗin magani ya ishe shi. Wani ba zai taɓa fidda ba, ko da dabbar ta zama fata da ƙashi, saboda ba ita yake tausayi ba, kansa yake tausayi, yana tsoron shagon da ba motsin kowa in ya rufe ƙofa da dare. Baba na biyun ne. Ga kuma halin kyanwa na ɓoye ciwo: ba ta kuka kamar kare, sai dai ta nemi lungu ta lafe, mai ita ya ce barci take yi. Har gurnanin nan da take yi in ana shafa ta ba kullum yake nufin daɗi ba, kyanwa mai jin ciwo ma tana yin sa.

Wata likitar dabbobi a Amurka, Alice Villalobos, wadda ta ƙware a kan ciwon daji, ta fitar da wani ma'auni a 2004 don irin wannan rana. Abu bakwai ake dubawa, kowanne a ba shi maki har zuwa 10: ciwo da numfashi, ci, sha, tsabtar jiki, walwala, iya motsi, sannan ko ranakun daɗi sun fi na wahala yawa. In jimilla ta haura 35, ana ganin rayuwar da sauran daɗi. Ba na ɗaukar lambar da muhimmanci sosai. Ba wanda zai kashe abokin zamansa na shekara goma sha huɗu don lissafi ya ba da 34. Amfanin ma'aunin shi ne yana tilasta maka ka dubi dabbar yadda take yau, ba yadda kake tuna ta ba. Na bakwai ɗin ma shi ya fi sauƙi ga mutum irin Baba. Na ce ya riƙa ɗaura zare a ƙusa kowace yamma, fari in ta yini da sauƙi, baƙi in ta yini a wahale. Tela ba ya rasa zare.

Likitan da muka samu washegari Balarabe ne, aikinsa tumaki da raƙuma, shagonsa cike da maganin tsutsa da na ƙazuwa. Duk da haka ya san kyanwa. Ya kama fatar wuyanta ya ɗaga ya saki, ta tsaya cak kamar tanti, ba ta koma ba. Ya buɗe bakinta ya nuna mana miki a gefen harshe. Ya lalubi cikinta ya ce ƙodojin sun ƙanƙance, sun yi tauri. Ciwon ƙoda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe tsofaffin kyanwoyi a ko'ina, kuma mugun halinsa shi ne ba ya nuna kansa sai kusan kashi biyu cikin uku ko fiye na aikin ƙodar ya tafi. Alamar farko yawan sha da yawan fitsari ne, wanda a garin da zafi ke wuce digiri 40 kowa zai ɗora wa rana laifi. Baba ya ce tun bara yake cika mata kwano sau uku a yini. Abin da ya mutu na ƙoda ba ya dawowa. Dattin da ya kamata ya fita ta fitsari sai ya taru a jini, shi ke kawo warin bakin, da tashin zuciyar da ke sa ta tsaya a kan ruwa tana so tana kasawa.

Abin da ya burge ni da likitan, bai yi saurin cewa a gama ba. Ya ce a gwada ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata na kwana uku, da maganin tashin zuciya, domin wata kyanwar takan farfaɗo ta ƙara watanni. In ba a gwada ba, ba a ce an fid da rai ba. Wannan ma'anar malamin ke nufi, ko da yake su biyun ba su taɓa haɗuwa ba.

Rana ta farko zaren fari ne. Ta lashi romo, ta fito bakin ƙofa ta kwanta a hantsi, Baba ya yi ta kiran maƙwabta su gani. Ta biyu baƙi. Ta uku ta yi amai sau huɗu, ta yi fitsari a kwance, ta kasa janye jikinta daga ciki. Da asuba ta huɗu jikinta ya riƙa karkarwa, ƙafafun baya suka daina ɗaukar ta.

Akwai wani abu da ya hana Baba magana duk kwanakin nan, sai a daren na uku ya fito da shi. Ya ce yana jin kunyar a ce dattijo kamarsa yana zirga-zirga a kan kyanwa a garin da aka binne mutane da yawa haka. Yana nan aka yi faɗace-faɗacen ƙabilu bayan 2011. Yana nan a Nuwamban 2016, lokacin da birin wani mai kanti ya fizge ɗankwalin wata 'yar makaranta, abin ya zama yaƙi tsakanin ƙabilun Aulad Sulaiman da Gaddafa, aka yi kwanaki ana harba manyan makamai a cikin gari, mutum aƙalla 16 suka mutu, har da birin aka kashe. Ya ga yaran ƙasarmu da suka taso daga Agadas a bayan Hilux, wasu ba su iso ba. "Wa zan gaya wa ina kukan mage?" Ban sami abin ce masa ba sai abin da kakata takan faɗa, cewa sabo ake yi wa kuka. A kwanakin harbin nan, ya ce, shi da ita suka kwana uku a ƙarƙashin teburin yanka, ƙofa a kulle.

Mutane da yawa suna tsoron allurar hutar da dabba ne saboda ba su san abin da take yi ba, suna zaton guba ce mai murɗa ciki. Yadda likitocin dabbobi suka saba yi, allura biyu ce. Ta farko ta sa barci, ana yin ta a tsoka, cikin 'yan mintoci dabbar ta saki jiki. Ta biyu a jijiya, yawanci fentobabital, maganin sa barci ne da ake ba da shi fiye da ƙima: ƙwaƙwalwa ce ke fara yin shiru, sannan numfashi, sannan zuciya, cikin minti ɗaya ko biyu. Ido ba ya rufuwa. Wani lokaci ƙirji yakan ja wani dogon numfashi bayan an gama, ko fitsari ya zubo, kuma gara a gaya wa mai dabba tun kafin, don kada ya ɗauka tana shan wuya ne. Abin da ba a yi shi ne a gwada a gida da maganin ɓera ko fiya-fiya, ko a ɗaure ta a buhu a jefa a ruwa. Wannan azaba ce aka ƙara a kan azaba. Addinin da ya ce a wasa wuƙa, kada a wasa ta a gaban dabbar, ba zai yarda da buhu ba.

Baba da kansa ya ce mu koma. Ya naɗe ta a cikin wani ragowar shadda fara da ya ɗinke wa baki da daddare. A shagon likitan ya ƙi ajiye ta a kan tebur, ya zauna a kan buhun dusa ya ɗora ta a cinya. Likitan ya dube ni, na ɗaga masa kai, ya durƙusa ya yi aikinsa a haka. Baba yana shafa bayan kunnenta da babban yatsa, yana cewa, "Sannu, 'yar gida. Sannu. Ki yafe mini." Bayan allura ta biyu likitan ya ɗora abin sauraren ƙirji, ya daɗe, sannan ya ce, "Halas, ya Hajj." Yatsan Baba bai tsaya ba sai da na taɓa kafaɗarsa.

Likitan ya ja mana kunne a kan rami. Maganin yana zama a cikin gawa, kare ko dila ko ungulu da ya ci zai iya bin ta, saboda haka ba a yar da ita a bola, kuma ba a binne ta sama-sama. Wani yaro ɗan Tawa mai aikin gini ya ara mana shebur ya biyo mu. Muka fita bayan gari, inda ake hango tsohuwar ganuwar nan ta Italiyawa a kan tudu, wadda ke bayan tsohuwar takardar dinari goma. Yashin sama yana ta zubowa cikin ramin, sai da yaron ya kai ga ƙasa mai tauri, ya shiga har ƙugu. Baba ya miƙa masa ƙunshin, aka mayar da ƙasa, muka ɗora duwatsu uku manya.

A hanyar dawowa ya tsaya a kanti ya sayi burodi da ganyen shayi. Mai kantin, wanda ya saba da shi, ya ɗauko gwangwanin kifi ya ɗora a kan kayan ba tare da an tambaye shi ba. Baba ya dubi gwangwanin, ya biya kuɗinsa, ya sa a aljihu.